Fashin Baƙi: Me Ya Sa Harsashi Mafi Araha A Amurka Ke Ɓacewa Daga Kantuna?

Ta yaya ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan bindigogi a hannun farar hula, wadda masana'antunta ke ƙera harsasai biliyoyi a kowace shekara, za ta wayi gari mutum ya zaga kantuna biyar da kuɗinsa a aljihu, amma ya koma gida ba tare da kwali ɗaya na ƙaramin harsashin nan mafi araha, wato .22 Long Rifle, ba? Wannan tambaya ta dami manoma da mafarauta da masu gasar harbi a Amurka tun daga farkon shekarar 2013, ta lafa na ɗan lokaci, sannan ta sake tasowa a 2020, kuma har yanzu ba a daina gardama a kanta ba, domin ko da kayan suka dawo kasuwa, farashinsu bai koma inda yake a da ba. Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a. Wasu na cewa gwamnati ce ta saye harsasan don ta raba mutane da makamansu ta bayan gida, wasu kuma na cewa kamfanoni ne suka haɗa baki suka rage aiki don su ci ƙazamar riba. A ganina dukansu sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Arahar harsashin nan ce ta jawo masa ƙaranci tun farko, sannan tsoron ƙarancin ya ci gaba da raya shi har tsawon shekaru.

A ƙasashenmu harsashi ba kayan kanti ba ne, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mallakarsa ba tare da lasisi ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai alhali ga 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi, zai gane fuskar wannan labari tun kafin a kai tsakiyarsa.

Wane irin harsashi ake magana a kai?

Harsashin zamani abubuwa huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushin da ke cikinsa, dalmar da ke fita ta bakin bindiga, da kuma wani ɗan sinadari da ke tashi da zarar an doke shi, wanda shi ne ke kunna albarushin. Inda aka ajiye wannan makunni shi ne ya raba harsasai gida biyu. A yawancinsu, har da kusan duk waɗanda sojoji da 'yan sanda ke amfani da su, makunnin yana cikin wani ɗan ƙoƙo mai kama da maɓalli da aka cusa a tsakiyar gindin kwanso, kuma nan ne ƙusar bindiga ke doka idan an ja kunama. A ɗaya nau'in kuwa, wanda Amurkawa ke kira rimfaya, wato mai tashi ta gefe, babu wannan ƙoƙo. An lanƙwasa gindin kwanson ne ya yi leɓe mai rami a zagaye, aka cika ramin da sinadarin, sai ƙusar ta matse leɓen ta kowane gefe ta same shi, wuta ta tashi.

Wannan ƙira tana da sakamako biyu, kuma dukansu suna cikin tushen matsalar. Na farko, dole kwanson ya kasance marar kauri don ƙusa ta iya lotsa shi, saboda haka ba ya ɗaukar albarushi mai yawa, shi ya sa a yau ƙananan harsasai kaɗai ake yi da wannan fasali. Na biyu, da zarar an harba shi, ya gama aiki. Mai harba harsashi mai tashi ta tsakiya yana iya tsince kwansunansa, ya sayi makunni da albarushi da dalma, ya sake ɗura su a gida sau da yawa, kuma Amurkawa da dama suna yin haka a matsayin sana'ar hannu. Mai harba na gefe ba shi da wannan mafita. Idan kanti ba shi da kaya, bindigarsa ta zama sanda.

Ƙirar tsohuwa ce. Wani maƙerin Faransa mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara ta a 1845, kamfanin Smith & Wesson ya fito da irin nasa a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da wanda ya mamaye duniya, wato .22 Long Rifle. Lambar tana nuna faɗin dalmar ne, inci 0.22, kimanin milimita 5.6, nauyinta kuma kimanin giram 2.6, harsashin gaba ɗayansa bai wuce tsawon gaɓar yatsa ɗaya ba. Yana da 'yan uwa irin su .22 Magnum na 1959 da .17 HMR na 2002, amma idan ana maganar ƙaranci, shi ake nufi. Kada ƙanƙantarsa ta yaudari kowa, domin da irinsa aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da shi kuma aka raunata Shugaba Ronald Reagan a 1981.

Su wa ke amfani da shi?

Da wannan harsashi yawancin yaran karkarar Amurka ke koyon harbi, domin ba shi da ƙara mai firgitarwa kuma bindigar ba ta dukan kafaɗa. Manomi yana amfani da shi wajen korar ɓeraye da sauran dabbobin da ke masa ɓarna a rumbu da gona, mafarauci yana harbin zomo da kurege da shi don tukunya, kuma da shi ake yin gasar harbi ta mita 50 da ta mita 25 a wasannin Olamfik, da kuma gasar da ake haɗa gudun ƙanƙara da harbi. Amma mafi yawansa yana ƙarewa ne a harbin gwangwani da allon takarda ranar hutu, inda uba da 'ya'yansa za su iya ƙarar da harsashi ɗari biyar kafin la'asar.

Saboda haka ba a sayensa da ɗai-ɗai. Ƙaramin kwali yana ɗauke da 50, idan aka haɗa kwali goma sai a kira shi bulo, saboda kamarsa da nauyinsa, akwai kuma manyan kwalaye masu 525 ko 550 da ake zubawa a warwatse. Kafin ƙarshen 2012, irin wannan babban kwali ba ya wuce dala 20 a manyan kantuna, wato harsashi ɗaya bai kai senti 4 ba, alhali senti 100 ne ke yin dala ɗaya. Mutane sun saba sayensa a kan hanyarsu ta zuwa filin harbi kamar yadda ake sayen ashana, ba wanda ke tunanin ajiye shi.

Yadda abin ya faro

An fara ganin alamar ƙaranci bayan zaɓen Barack Obama a 2008, lokacin da masu bindiga suka yi zaton za a tsananta doka, amma wancan ya fi shafar harsasan ƙananan bindigogin hannu. Babban ya zo ne bayan an sake zaɓensa a watan Nuwamba na 2012, sannan ranar 14 ga Disamba wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a garin Newtown na jihar Connecticut, ya kashe yara 20 da manya 6. Ƙasar ta girgiza, shugaban ya nemi majalisa ta haramta wasu nau'o'in bindigogi da gidajen harsashi masu ɗaukar fiye da goma, masu bindiga kuma suka yi wa kantuna tsinke. A watan Disamban nan kaɗai hukumar FBI ta yi binciken cancantar masu sayen bindiga kusan sau miliyan 2.8, adadin da ba a taɓa gani ba a lokacin.

Ba za a ce tsoron ba shi da tushe ko kaɗan ba, domin jihar New York ta yi doka a watan Janairu na 2013 da ta tanadi binciken masu sayen harsashi, Connecticut ma ta biyo baya da tata a watan Afrilu. Amma a matakin tarayya babu abin da ya wuce. Ko ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya faɗi a Majalisar Dattawa ranar 17 ga Afrilu, da ƙuri'u 54 da 46, domin yana buƙatar 60. Babu kuma wanda ya kawo ƙudurin hana ƙaramin harsashin farautar zomo. Duk da haka shi ne ya fi daɗewa a ɓace. Manyan harsasai sun fara dawowa kantuna a 2014, shi kuwa sai wajen 2016 zuwa 2017 aka fara samunsa ba tare da wahala ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da manyan harsasai suka yi tsada, masu su da yawa sun koma yin atisaye da ƙaramin, kuma a shekarun da suka gabaci wannan lokaci kamfanoni sun cika kasuwa da bindigogi masu kama da na soja amma masu cin .22, irin su M&P15-22 ta Smith & Wesson da ta fito a 2009 mai ɗaukar harsashi 25 a ɗuri ɗaya, ga kuma tsohuwar Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964 wadda miliyoyinta ke gidaje. Mai tsohuwar bindiga mai ɗaukar harsashi ɗaya zai yini bai ƙarar da kwali ɗaya ba, mai sabuwar kuwa zai ƙarar da shi cikin 'yan mintoci. Wato buƙata ta riga ta hauhawa a hankali, tsoro ya zo ya tarar da tulu a cike.

Me ya hana kamfanoni su ƙara yawan abin da suke ƙerawa?

Nan ne zuciyar lamarin. Manyan masana'antun da ke yin wannan harsashi a Amurka huɗu ne kacal: CCI a garin Lewiston na jihar Idaho, Federal a Anoka ta jihar Minnesota, Remington a Lonoke ta jihar Arkansas, da Winchester a Oxford ta jihar Mississippi. Ana shigo da wani kaso daga waje, musamman daga Aguila ta Meziko da Armscor ta Filifin, sai kuma masu tsada na gasa irin su Eley na Ingila da Lapua da RWS. A tsakiyar ƙarancin, rahotanni sun nuna cewa masana'antar CCI tana fitar da kimanin miliyan 4 a rana. Adadin yana da girma a kunne, amma a raba shi a gani. Miliyan 4 bulo 8,000 ne. Idan aka raba wa jihohi 50, kowace jiha za ta samu bulo 160 a rana. Kamfanin Walmart shi kaɗai yana da kantuna fiye da 4,000 a ƙasar, wato ko da shi kaɗai aka bai wa duk abin da masana'antar ta yi, kowane kanti bulo biyu zai samu. Muddin kowa yana sayen abin da zai harba ranar Asabar kawai, wannan ya isa. Ranar da mutum miliyan ɗaya suka yanke shawarar kowannensu ya ajiye bulo goma a gida, sun nemi harsashi biliyan 5, abin da waccan masana'anta za ta shafe fiye da shekara uku tana yi ba hutu.

To me ya sa ba a gina sabbin layukan ƙira ba? Domin harsashin da ya fi araha a kanti yana cikin waɗanda suka fi wuyar ƙerawa. Daga fallen tagulla ake huda ƙananan ƙoƙuna, a miƙar da su, a lanƙwasa gindin ya yi leɓe, sannan a ɗiga sinadarin kunnawa yana da danshi a cikin kowane kwanso, a juya shi da tsananin sauri har sinadarin ya bazu ya cika leɓen ko'ina, a busar da shi a tsanake kafin a zuba albarushi a ɗora dalma. Idan wani gefe na leɓen bai samu sinadari ba, harsashin zai ƙi tashi, idan kuma aka yi sakaci da sinadarin bayan ya bushe, zai iya tayar da gini. Injinan da ke wannan aiki ba sa yin wani aikin daban, ba a kuma sayensu a kasuwa kamar injin niƙa, kuma ma'aikacin da za a amince masa ya taɓa sinadarin sai ya daɗe yana koyo. Duk wannan ɗawainiya a kan abin da za a sayar senti 4, a cire kuɗin tagulla da dalma da albarushi da kwali da dako da haraji da ribar dillali da ta mai kanti. Ribar da ke saura a kan kowane harsashi ba ta taka kara ta karya ba, sai an sayar da ɗaruruwan miliyoyi shekara da shekaru kafin sabon layi ya mayar da uwar kuɗinsa.

Shugabannin kamfanonin sun ce injinansu suna aiki dare da rana, sun kuma yi wasu faɗaɗawa, amma sun ƙi zuba jari daidai da buƙatar da suke gani, domin sun san yawancinta ba ta harbi ba ce, ta ajiya ce, kuma wanda ya cika ɗakinsa da bulo hamsin zai shekara biyar bai sake leƙa kanti ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutane sun zage su a lokacin, amma abin da ya biyo baya ya gaskata lissafinsu. Da Donald Trump ya ci zaɓe a 2016, tsoron doka ya gushe, kasuwa ta yi kwantai, masana'antar Federal ta sallami ma'aikata a 2017, kamfanin Remington kuma, wanda bashi ya riga ya yi wa katutu, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Maris na 2018.

Zargin da aka yi wa gwamnati

A 2013 labari ya bazu cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta yi odar harsashi biliyan 1.6 don ta busar da kasuwa. Maganar ta yi ƙarfi har Sanata Jim Inhofe da ɗan majalisa Frank Lucas, dukansu daga jihar Oklahoma, suka gabatar da ƙudurin taƙaita sayen harsashin hukumomin gwamnati. Adadin ya fito ne daga takardun kwangila na shekaru da yawa waɗanda ke nuna iyakar abin da ma'aikatar za ta iya saye, ba abin da ta karɓa ba. Da ofishin binciken kuɗin gwamnati na majalisa ya duba lamarin, rahotonsa na Janairun 2014 ya nuna cewa sayayyar ma'aikatar raguwa ma ta yi tun daga 2009. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa jami'an tsaro manyan harsasai masu tashi ta tsakiya suke ɗauka, waɗanda ake yi a wasu injina daban, don haka ko da zargin gaskiya ne, ba zai bayyana ɓacewar harsashin zomo ba.

An kuma danganta matsalar da rufe masana'antar narka dalma ta Herculaneum a jihar Missouri a watan Disamba na 2013, wadda ita ce ta ƙarshe a ƙasar da ke tace dalma daga dutsen ma'adini, aka ce dokokin muhalli ne aka yi amfani da su don a kashe sana'ar harsashi. Sai dai ƙarancin ya riga rufewar da kusan shekara guda, kuma masu ƙera harsashi sun fi dogara da dalmar da ake sake narkawa daga tsofaffin baturan mota.

Layin asuba da masu saye don sayarwa

Manyan kantuna ba su ɗaga farashinsu sosai ba, sai dai suka sa ƙa'ida. A watan Janairu na 2013 Walmart ya taƙaita kowane mai saye ga kwali uku a rana. Wannan ya buɗe rata mai faɗi tsakanin farashin kanti da abin da mutane ke shirye su biya, kuma duk inda aka samu irin wannan rata, sai an samu masu zama a cikinta. A garuruwa da yawa an riƙa ganin mutane iri ɗaya, galibi dattawan da suka yi ritaya, suna tsaye a gaban sashen kayan farauta tun da sassafe da kofin gahawa a hannu, sun san ranar da motar kaya ke zuwa, wani ya zo da matarsa don ita ma ta karɓi nata ukun. Kafin ma'aikacin da ke tashi aiki da yamma ya iso, sai ya tarar da ƙura da takardar farashi. Kwalin da aka saya dala 20 da safe, sai a gan shi a baje kolin bindigogi na ƙarshen mako ko a shafukan gwanjo na intanet a kan dala 50 ko 60, wani lokacin ma fiye.

Masu wannan sana'a suna da masu kare su. Hujjarsu ita ce ba su karya doka ba, kuma da kantuna sun bar farashi ya tashi tun farko, da masu saye don ajiya sun ja baya, da mai buƙatar gaske ya samu kwali ɗaya ko da da tsada, da kuma ƙarin kuɗin ya shiga hannun masana'anta maimakon aljihun ɗan layi. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ita ce gardamar da aka sha yi a kan farashin mai na gwamnati da na bayan fage. Amma ban yarda cewa wannan ya wanke su ba, domin ba su ƙara harsashi ko ɗaya a kasuwa ba, sun dai tsaya tsakanin kaya da mai buƙata, kuma kowace safiya da suka share kanti sun ƙara tabbatar wa sauran mutane cewa lallai babu kaya. Duk da haka su ba su ne suka fi yawa ba. Mafi yawan harsasan sun shige gidajen talakawan masu bindiga ne, waɗanda ba su da niyyar sayarwa, amma suka koyi cewa duk ranar da suka ga kwali, su ɗauka ko ba sa buƙata. Harsashin da aka adana a wuri busasshe yana shekaru gommai bai lalace ba, ba ya cin wuri, kuɗinsa kuma bai kai ya hana mutum barci ba. Kayan da ya haɗa waɗannan siffofi uku shi ne ya fi sauƙin ɓoyewa.

Dawowar ƙaranci a 2020

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da annobar korona ta rufe garuruwa a watan Maris na 2020, sannan zanga-zanga ta ɓarke bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayu, ga kuma zaɓe mai zafi a gaba, waɗanda suka sha wahalar 2013 ba su jira ba. Wannan karon kuma akwai sabbin shiga na gaske. Ƙungiyar masana'antun bindiga ta ƙasar ta ƙiyasta cewa an yi binciken sayen bindiga kimanin miliyan 21 a shekarar, kuma fiye da mutum miliyan 8 sun sayi bindiga karo na farko a rayuwarsu. A watan Disamba shugaban sashen harsashi na kamfanin Vista Outdoor (mai mallakar Federal da CCI a lokacin), Jason Vanderbrink, ya fito a wani bidiyo yana musanta cewa suna ɓoye kaya, ya kuma yi lissafin cewa idan sabbin masu bindiga miliyan 7 suka sayi kwali biyu-biyu kawai, an samu sabuwar buƙatar harsashi miliyan 700.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cewa Remington ya sake durƙushewa a watan Yuli na 2020, masana'antarsa ta Lonoke tana aiki rabi da rabi a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, har sai da Vista Outdoor ya saye ta a kan dala miliyan 81.4 ya farfaɗo da ita. Zuwa 2022 kaya sun dawo.

Ƙaranci ya wuce, tsada ta zauna

A nan ne mutane ke cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ƙaranci na tsoro ne, yana zuwa yana tafiya. Tsadar da ta biyo baya kuwa tana da dalilai masu nauyi da ba sa tafiya da sauƙi. Kwanson harsashi tagulla ce, wadda kusan kashi 70 cikin ɗari nata jan ƙarfe ne, kuma farashin jan ƙarfe ya haura dala 10,000 kan kowane tan a 2021, ya sake kafa tarihi a 2024, sannan a watan Agusta na 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan wasu kayan jan ƙarfe da ake shigowa da su. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya sa ƙasashen Yamma suka duƙufa wajen ƙera harsasan igwa, waɗanda ke lashe sinadarin da ake yin albarushi da shi, har Vista Outdoor ya sanar da ƙarin farashi daga Janairun 2024 yana mai kafa hujja da ƙarancin albarushi a duniya. Akwai kuma antimoni, ma'adinin da tun zamanin da ake yin tozali da dutsensa a wasu ƙasashe, wanda ake gauraya shi da dalma don ta yi tauri. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen samar da shi, ta taƙaita fitar da shi a 2024, ta kuma hana sayar wa Amurka a watan Disamba na shekarar, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu. A kan duk wannan ga hauhawar farashi ta gama-gari, wadda ta wuce kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2024. Shi ya sa harsashin da ake saye ƙasa da senti 4 ya koma tsakanin senti 6 zuwa 8 a shekarun baya-bayan nan ko da kantuna a cike suke.

Akwai wani sauyi da nake ganin ya fi cancantar damuwa fiye da jita-jitar da aka ɓata shekaru ana yi. A da Remington kishiya ce ga Federal da CCI, amma tun 2020 ukun suna hannun mai gida ɗaya, kuma a watan Nuwamba na 2024 Vista Outdoor ya sayar da sashen harsashinsa gaba ɗaya ga kamfanin Czechoslovak Group na Jamhuriyar Cek a kan fiye da dala biliyan 2. Wato daga manyan sunaye huɗu, uku na kamfani ɗaya ne, na huɗun kuma, wato Winchester, na kamfanin Olin ne. Wannan ba hujja ba ce ta cewa an haɗa baki, amma kasuwar da 'yan kasuwa biyu suka riƙe ba ta cika saukar da farashi da gaggawa ba idan tsadar kayan aiki ta sauka.

Wa ya fi ji a jikinsa?

Mai kuɗi bai rasa harsashi ba ko a tsakiyar ƙarancin, domin na gasa masu tsada sun fi samuwa, kuma yana iya biyan ɗan layi. Wanda ya rasa shi ne mai aikin yini da ba zai iya tsayawa layin asuba ba, da manomin da kanti mafi kusa da shi ke da nisan tafiyar sa'a guda, da kuma ƙungiyoyin horar da yara irin su 4-H da 'yan sikawut, waɗanda a wurare da dama suka rage atisaye ko suka koma bindigar iska. Wannan na ƙarshen yana damuna, domin a ƙasar da bindiga ke cikin gidaje miliyoyi, darasin da ake koya wa yaro kada ya nuna bakin bindiga ga mutum kuma kada ya ɗora yatsa a kan kunama sai ya shirya harbi, da wannan ƙaramin harsashi ake koyar da shi. Ƙananan kantunan karkara ma sun sha wuya, domin dillalai manyan abokan cinikinsu suke fara bai wa kaya.

Masu fafutukar taƙaita bindiga suna kallon lamarin ta wata fuska. A wurinsu tsadar harsashi ba abin kuka ba ce, kuma jihar California ta bi wannan ra'ayi, inda ta wajabta binciken mai sayen harsashi tun watan Yuli na 2019, ta kuma ɗora ƙarin harajin kashi 11 cikin ɗari daga watan Yuli na 2024 don ɗaukar nauyin shirye-shiryen rage tashin hankali. Masu adawa da su na amsawa da cewa mai niyyar kisa harsashi kaɗan yake buƙata kuma tsada ba za ta hana shi ba, wanda tsada ke hanawa shi ne mai harba ɗaruruwa don ya ƙware, kuma alƙaluman hukumar ATF mai kula da dokokin makamai sun nuna cewa bindigogi masu cin harsashin milimita 9 ne suka fi yawa cikin waɗanda 'yan sanda ke kamawa.

Akwai kuma wanda ya ci riba ba tare da ya nema ba. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ta ware harajin tarayya da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, wanda a kan harsashi kashi 11 cikin ɗari ne, don kula da namun daji da dazuzzuka da koyar da mafarauta. Kowane bulo da aka saya cikin firgici aka jibge a ƙarƙashin gado ya biya wannan haraji, kuma a 2022 kuɗin da aka raba wa jihohi daga wannan asusu ya haura dala biliyan 1.